Littafi a Hannun Mai Kuɗi: Wa Ke Riƙe da Almakashi?

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga birnin Kano. Ina tare da Malam Kabiru da Sadik. Malam, duk littafin da aka mai da fim, ƙorafin masu karatu ɗaya ne: an ɓata labarin. Laifin darakta ne?

Kabiru: Ba kasafai ba, Hajiya. Rage labari dai dole ne. Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, fim mai awa biyu shafi 120 ke nan, littafi kuwa ya kan haura 300. Ɓarnar tana zuwa ne bayan an gama ɗauka, a ɗakin edita, daga wanda ya zuba kuɗi. A Amurka yarjejeniya ce ke faɗin wanda yankansa ne na ƙarshe, kuma daraktoci ƙalilan ake ba wannan iko.

Sadik: Ga darakta Orson Welles nan a 1942, da fim ɗinsa The Magnificent Ambersons, daga littafin Booth Tarkington. Ya bar fim mai minti 131 ya tafi Birazil. Kamfanin RKO ya nuna wa 'yan kallon gwaji, ba su so ba, aka datse shi ya koma minti 88, aka ɗauki sabon ƙarshe mai daɗi. Abin da aka cire kuma aka lalata shi.

Zainab: Wai yaya ake kallon gwajin?

Sadik: A cika silima da mutane, bayan fim a raba musu takarda: ina ka gaji, wa ka tsana, za ka ce wa abokinka ya kalla? Matsalar, yawancinsu ba su karanta littafin ba, kuma ƙarshe mai ɗaci kullum shi ke shan kashi a takardar. Haka aka yi wa fim ɗin Blade Runner a 1982, aka ɗora muryar jarumi tana bayanin abin da ido ya riga ya gani, aka manna ƙarshen farin ciki. Sai a 2007 daraktansa Ridley Scott ya fitar da yankan da yake so.

Kabiru: Mu dawo gida. Zamanin kaset da faifai, dillalan kasuwar Ƙofar Wambai ne masu faɗa a ji. Dillali zai tambayi abu biyu: wace fuska ce a jikin fasta, kuma waƙa nawa ce a ciki? Waƙa uku masu minti biyar-biyar sun cinye minti 15, kuma daga jikin labarin za a yanko su. Abin da ake fara zubarwa shi ne zancen zuci da dalilin da ya sa mutum ya aikata abu. Sai ka ga kishiya ta tashi muguwa haka kawai, alhali marubuciya ta ɓata babi guda tana nuna yadda aka ƙuntata mata.

Zainab: Yanzu da aka koma YouTube ai an huta da yanka.

Kabiru: An koma ja, Hajiya. Labarin da zai ƙare a kashi 13 sai a miƙe shi muddin ana kallo. Ɗan barkwanci ya samu karɓuwa, a ƙara masa fitowa. Jaruma ta yi aure, a kashe ta a hatsarin mota ko a tura ta karatu waje.

Sadik: Ga kuma Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, da aka kafa a 2001. Furodusa ya kan cire abu tun a rubutu don gudun a dawo masa da fim.

Zainab: To marubuci me zai riƙe?

Kabiru: Takarda. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ba ta yarda da sayar da haƙƙi da baki ba, sai a rubuce. A sa wa'adi: in ba a fara ɗauka cikin wata 18 ba, haƙƙi ya dawo masa. A fayyace fim ɗaya ne ko mai dogon zango, kashi nawa, da kasonsa a kuɗin YouTube. Sannan ya lura da bambancin "za a nemi shawararsa" da "sai da amincewarsa". Ta farko, a saurare ka a yi abin da aka ga dama.

Sadik: Ba kowane furodusa zai yarda da ta biyun ba fa, Malam.

Kabiru: To ya nemi ikon cire sunansa daga fim in an sauya ƙarshen. Wannan sun fi saurin sa hannu a kai.