Kek ɗin tukunyar yashi: me ya sa na Mama yake tashi, naki yana kwanciya?

Assalamu alaikum 'yan uwa, uwargida da amarya da 'yan mata masu koyo, barkanmu da warhaka. Yau kek za mu yi, amma ba na oben ba, na tukunya da yashi da gawayi, irin wanda iyayenmu suke yi ana jibi sallah, ko in za a kai garar amarya a haɗa shi da alkaki da dubulan da nakiya da cincin. Ƙorafin da nake ta ji shi ne, wai na karɓi awon Mama na bi shi sau da ƙafa amma nawa ya ƙi tashi, ko ya yi tauri, ko ƙasa ya ƙone ciki kuma ɗanye. To Mama ba ta ɓoye miki komai ba, akwai abubuwan da hannunta ya sani ne waɗanda ba sa shiga cikin awon da ta faɗa miki a waya.

Mu fara da gwangwanin nan. In ta ce fulawa gwangwani huɗu, wane gwangwani? Na madara ne ko na tumatir? A shafe ko da tozo? Kuma dannawa take yi ko zubawa kawai? Kowane gida da nasu, wani gwangwanin ma ya girmi 'yar autar gidan, ya yi baƙi ya lotse amma ba mai taɓa shi. Sannan ku lura, kofin awo ɗaya na fulawa wajen giram 120 ne, amma kofi ɗaya na suga ya kai giram 200, kun ga ido ɗaya nauyi daban. Ƙwai ma haka, in Hajiya kaka ta ce goma wataƙila ƙwan kajin gida take nufi ko na zabi da damina, ke kuma kin je kin fasa manyan nan na gidan gona guda goma, dole kwaɓi ya yi ruwa.

Ga awon da ba ya ba da kunya, shi ne tsohon awon Turawan Ingila: bota da suga da fulawa da ƙwai duk nauyinsu ɗaya. Bota Simas ɗaya mai giram 250, suga kofi ɗaya da kwata, fulawa kofi biyu, ƙwai manya biyar, bekin foda ƙaramin cokali biyu, sai filebo ɗan kaɗan. Na gara kam ana ƙara masa fulawa don ya yi auki, shi ya sa yake da ɗan nauyi a baki, kuma ni dai ban ga laifinsa ba, da shayi ya fi tafiya.

Yanzu kalli nan, wannan bugun bota da suga shi ne rabin aikin. Kun tuna yadda ake zaunar da mu a tsakar gida a ba mu muciya da roba a ce a buga sai ya yi fari, hannu ya gaji ka miƙa wa na kusa da kai, ana yi ana lakata a ɓoye, Gwaggo na daga ƙofar kicin tana cewa wallahi ina ganinku? Ba wahalar banza ba ce. Ƙwayoyin suga ne suke yanka botar suna cusa mata iska, iskar nan ce take kumbura in ta ji zafi. Shi ya sa bota narkakkiya ba ta yi, ba ta iya riƙe iska. Da zafin bazara ki ajiye ta a inuwa ko ki ɗora robar a kan ruwan randa, da hunturu kuma in ta daskare ki bar ta ta saki tukuna, kar ki ɗora ta a wuta. Wasu iyayen suna cewa sai an juya ta ɓangare ɗaya kar a sauya hannu, wannan kam ki bi don zaman lafiya, amma kek bai san dama da hagu ba.

Ƙwai ɗaya bayan ɗaya, kina sawa kina bugawa. Da kin zuba fulawa kuma, to bugu ya ƙare. Juyawa kawai a hankali, da ta ɓace ki tsaya, don fulawar alkama in ta jiƙe aka yi ta dukanta danƙo take yi, danƙon da ake so a burodi da gurasa, a kek kuwa shi ne taurin nan. Ki tankaɗe ta tare da bekin foda. Kuma in gwangwanin fodar tun na sallar bara ne, ɗebi kaɗan ki zuba a ruwan zafi, in bai yi kumfa ba ya mutu, zubar da shi.

Sai tukunya. Gashi ba baƙon abu ba ne a wajenmu, masu gurasa a Kano tanderu suke amfani da shi tun kaka da kakanni, tukunyar yashi ma kusan dabarar kenan. Ki samu yashi mai tsabta busasshe, ki zuba kamar kaurin yatsa biyu zuwa uku, in babu yashi tsakuwa ko gishiri suna yi. Aikinsa ya karɓi zafin garwashi ya raba shi ko'ina, ya hana gindin gwangwanin da aka zuba kwaɓi a ciki haɗuwa da ƙarfen tukunya. Ki rufe ta yi zafi tukun kamar minti goma zuwa sha biyar, kar ki sa kwaɓi a tukunya mai sanyi. Oben ana saita shi a digiri 180, tukunya ba ta da lamba, to ga gwajin: barbaɗa 'yar fulawa a murfin gwangwani ki sa a ciki, in ta yi baƙi nan da nan wuta ta yi yawa, in ta ɗan ja a hankali daidai kenan.

Ga inda mutane da yawa suke faɗuwa, sai su cika wuta a ƙasa. A'a. Garwashi kaɗan a ƙasa, sauran a kan murfi, saboda na sama shi ke sa fuskar kek ta yi ja, na ƙasa kuma in ya yi yawa ƙuna ce kawai. Gwangwanayen ki wanke su tas, mai tsatsa a jefar, ki shafa bota ki barbaɗa fulawa, ki zuba kwaɓi ya ɗan wuce rabi don ya samu wurin tashi. Don Allah kar ki yi ta leƙe, kowace buɗewa zafi ne yake gudu, tsakiya ta faɗa. Ƙananan gwangwani minti ashirin zuwa ashirin da biyar sun isa, in ƙamshi ya fara kaiwa maƙwabta ki soka tsinke a tsakiya, ya fito a bushe to ya yi.

In kin sauke ki bar shi ya sha iska a faranti, kar ki kulle shi a leda ko bokiti da zafinsa, gumi zai yi ya lalace da wuri. Kuma in Mama ko Gwaggo suna raye, ranar da kika je gida ki tafi da sikeli ko kofin awonki, ki ce su auna da gwangwaninsu a gabanki, ki juye a naki ki rubuta, har girman ƙwan da suke sawa. Wadda kuma take da awon alkaki na gidansu ta turo mana, shi za mu yi a bidiyo na gaba in sha Allahu.