Tsare Yaro: Kariya ce ko Ɗauri?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena maza da mata, malamai, da 'yan'uwa da suka bar harkokinsu suka zo wannan zama, Allah ya saka da alheri. An ce in yi magana a kan tarbiyya, ni kuma aikina koyar da nahawun Hausa ne, don haka ku yi haƙuri, ta ƙofar kalma zan shiga.

Ku ɗauki kalmar "tsare". In na ce makiyayi ya tsare garkensa daga kura, yabonsa na yi. In kuwa na ce an tsare wane a ofishin 'yan sanda kwana uku, kowa a nan zai ce Allah ya kiyaye. Kalma ɗaya ce, furuci ɗaya, rubutu ɗaya. Bahaushe bai ga dalilin raba su ba, domin wanda ke gadinka da wanda ya kulle ka duk a bakin ƙofa ɗaya suke tsayawa. Abin da na zo faɗa yau bai wuce wannan ba: iyaye da yawa muna tsare 'ya'yanmu da ma'ana ta farko a zuciya, amma abin da yaron yake ji a jikinsa ma'ana ta biyu ce.

Misalin da zan kawo daga Amurka yake, daga wani wasa da ba ma yi a nan. Suna kiransa ƙwallon ƙafa, amma yawancinsa da hannu ake yi, ya fi kama da zari-ruga. Mutum goma sha ɗaya ne kowane ɓangare, ƙwallon kuma doguwa ce kamar gwanda. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta matsa gaba yadi goma, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. A cikin sha ɗayan nan akwai mutum ɗaya da ake kira kwatabak. Shi ne madugu. Shi ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari, shi zai duba fili ya zaɓi wanda zai jefa wa. A gabansa akwai ƙarti biyar, yawancinsu sun haura kilo 130, ba su da wani aiki sai su tare masu son murƙushe shi. To amma ku lura da irin wannan tsaron. Ba sa jefa masa ƙwallon, ba sa gaya masa wa zai jefa wa. Abin da kawai suke sama masa shi ne lokaci, daƙiƙa biyu zuwa uku, ya yi tunani da kansa kafin katangar ta rushe. Kuma kullum sai ta rushe.

Akwai wata doka a babbar gasarsu ta NFL da nake so kowane uba ya riƙe. Tun 1994 aka yarda a sa wa kwatabak 'yar rediyo a cikin hular kwanonsa, koci yana daga gefen fili yana yi masa magana a kunne. Tsakanin hari da hari ana ba su daƙiƙa 40. Amma da zarar saura daƙiƙa 15, sai a yanke layin. Koci ko zai tsage maƙogwaro, yaronsa ba ya jinsa. Daga nan abin da idonsa ya gani, da abin da aka riga aka zuba masa a ka, su ne za su yi aiki.

Yanzu ga labarin wani uba da bai yarda a yanke layin ba. Sunansa Marv Marinovich, mutumin Kalifoniya. Shi kansa ɗan wasa ne, yana cikin kyaftin ɗin ƙungiyar Jami'ar Kudancin Kalifoniya da ta zama zakarar ƙasa a 1962. Da ya shiga wasan ƙwararru abin bai yi tsawo ba, sai ya koma mai horar da 'yan wasa motsa jiki a ƙungiyar Raiders, ya zurfafa cikin nazarin hanyoyin horo na ƙasashen gabashin Turai. A 1969 aka haifa masa ɗa, Todd. Tun yaron yana jinjiri uban ya fara miƙar masa da jijiyoyin ƙafa. Lokacin haƙori, maimakon abin da ake ba jarirai su ciza, ƙodar dabba daskararriya aka riƙa ba shi. Ba sukari, ba abincin gwangwani, ba irin cimar kan titi da yaran Amurka ke rububi. In an gayyace shi bikin zagayowar haihuwar aboki, da nasa kek ɗin yake zuwa daga gida, don kada ya ɗanɗana na mutane. Ku tsaya ku hango wannan yaron: sa'o'insa sun kewaye tebur ana yanka musu, shi kuma yana gefe yana buɗe ƙunshinsa. Uban ya tara masa ƙwararru, wannan na gudu, wannan na gani, wannan na jifa, wannan na tunani.

Kuma jama'a, abin ya yi aiki, kada mu yi wa mutumin nan ƙarya. Todd, wanda bahago ne, ya kafa tarihin jifa a makarantun sakandaren Amurka baki ɗaya, sama da yadi dubu tara. A 1988 mujallar Sports Illustrated ta yi dogon rahoto a kansa tun bai shiga jami'a ba. Ya shiga jami'ar da ubansa ya yi, ya ja ƙungiyarta ta doke Jami'ar Michigan da ci 17 da 10 a babban wasan jami'o'i na Rose Bowl ranar 1 ga Janairun 1990. A 1991 Raiders suka ɗauke shi a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyin NFL ke yi duk shekara, shi ne na 24, gaban Brett Favre wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu jifa a tarihin wasan.

Sai dai tun yana sakandare ya fara shan wiwi a ɓoye. A jami'a, ranar da ya kwana a ɗakin da ba idon uba, abin ya ƙaru. A farkon 1991 aka kama shi da hodar iblis. Kaka biyu kacal ya buga wa Raiders, a 1993 suka sallame shi bayan ya sha faɗuwa gwajin ƙwaya. Ya gangara har zuwa ƙwayar da ta fi hodar iblis muni, ya shiga gidan yari ya fita, ya shiga gidan gyaran hali ya fita. Jikin da aka hana wa ko ƙwayar sukari shi ne ya koma rumbun guba. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Ba na cewa horon uban ne kaɗai ya jefa shi. Shaye-shaye ciwo ne mai saiwa da yawa, ya kama 'ya'yan da aka sake, ya kama waɗanda aka matsa. Kuma wallahi ban yi shakkar cewa Marv yana son ɗansa ba. Wannan ne ma abin da ke sa ni baƙin ciki a labarin. Amma ga abin da na gani: an koya wa yaron nan yadda zai karanta fili cikin daƙiƙa uku, ba a taɓa barinsa ya tsaya gaban faranti ya ce "wannan zan ci, wancan na bari" ba. An hana shi, shi bai taɓa hana kansa ba. Hani na waje katanga ce, kamewa kuwa tsoka ce, sai an motsa ta take ƙarfi. Mutumin da ya san sirrin kowace tsoka a jikin ɗan Adam, wannan ɗayar ce ya bari ta shanye. Marv ya rasu a 2020 bayan fama da ciwon mantuwa. Todd kuwa zane yake yi, abin da ransa ke so tun da can.

Wani zai ce to sai a saki yaro kenan? A'a. A wasan nan dai akwai wani uba, Archie Manning, wanda ya daɗe yana jifa a New Orleans. 'Ya'yansa biyu, Peyton da Eli, kowannensu shi aka fara ɗauka a shekararsa, 1998 da 2004, kowannensu kuma ya ci Super Bowl, kofin zakarun NFL, sau biyu. An san Archie da rashin tura 'ya'yansa wasan dole. Amma a 2004, da Eli ya ƙi buga wa ƙungiyar San Diego da ta zaɓe shi, uban ya tsaya masa har aka yi musayarsa zuwa New York, ya kuma sha suka a kan haka. Ya san ranar da ake ja da baya, ya san ranar da ake tare gaba.

Bari in koma aji na ɗan lokaci. A nahawu akwai ɗan ƙaramin harafi da muke sa wa bayan aikatau: "wa", ko "ma" in ya haɗu da wakilin suna. Na saya masa riga. Na gina mata ɗaki. Muna jinsa kamar harafin alheri. Amma shi ne dai a cikin "na ɓata masa suna", "na karya mata tukunya", "na cinye masa abinci". Harafin ba ya nuna alheri ko sharri, abin da yake nunawa kawai shi ne wani ne ya yi aikin, wani kuma ya kwashi sakamakon. Ku je gida ku ƙirga sau nawa kuke faɗarsa a kan ɗan da ya kai shekara ashirin. Na zaɓa masa kwas. Na cike masa fom. Na yi masa magana da malamin. Na nemo masa mata. A duk waɗannan jumlolin, ina aikau? Kai ne. Yaron bai taɓa zama a mazaunin mai aiki ba, kullum yana bayan "ma". Ranar da ba ka nan, wa zai fara jumlar?

Ni ba na raina tsoron iyaye, don ni ma uba ne. Wanda ya ji abin da ya faru a Ƙanƙara a Disambar 2020, da Jangebe bayan wata biyu, ba za ka ce masa ya kwantar da hankali ya saki ɗansa ko'ina ba. Hanyar da ba ta da kyau ba ta da kyau, a hana. Amma tsoron daji daban, abin da muke yi a tsakar gida daban. Ɗan shekara goma sha biyar da bai taɓa riƙe kuɗin cefane ya yi ciniki ba, 'yar da ba a taɓa barin tuwonta ya yi gudaji ba saboda uwa ta karɓe muciya, waɗannan ba 'yan bindiga ne suka hana su ba. Iyayenmu na da, da suke ba da riƙon ɗa ga kawu ko goggo, suna kauda kai daga ɗan fari, ba ƙiyayya ba ce. Sun gane cewa hannun mahaifi yana saurin kai ɗauki. Muna yawan cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma wanda ya tanƙwara ya ƙi sakin hannu bai san ko iccen ya karɓi tanƙwarar ba.

Shekarun baya wani bawan Allah ya shigo ofishina da ɗansa, saurayi mai gemu, ya faɗi darussa uku a zango ɗaya. Uban mutumin kirki ne, ya yi tafiyar awa huɗu a mota don wannan magana. Na tambayi yaron, "Me ya faru?" Uban ya amsa. Na ce, "Kana zuwa aji?" Uban ya amsa. Na ce, "Wane darasi ya fi ba ka wuya?" Uban ya zaro takarda daga aljihu ya karanto mini. Yaron yana zaune, hannu biyu tsakanin gwiwoyi, yana kallon igiyar takalminsa. Sai na ce, "Alhaji, don Allah a ba mu minti goma." Ya dube ni kamar na nemi ya bar jariri a bakin rijiya, amma ya fita, ina ganin inuwar ƙafarsa ta ƙasan ƙofa.

Na sake tambayar yaron abin da yake so ya karanta. Shiru. Ya kalli ƙofa, ya kalle ni, ya sake kallon ƙofa. Na ƙudurta a raina ba zan taimake shi da ko kalma ɗaya ba. Fanka tana juyawa, mun fi minti biyu a haka. Can sai ya ce, da muryar da sai na matso na ji, "Malam, ba a taɓa tambayata ba." Na ce to yau an tambaye ka. Ya ce aikin gona yake so, tun yana ƙarami in an je ƙauye ba ya son a dawo.

Na buɗe ƙofa na ce Alhaji ya shigo. Na ce masa, "Ɗanka yana da magana, ni zan yi shiru, kai ma ina roƙonka ka yi shiru har ya gama." Ya zauna, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, yaron ya fara.