Jiran 'Yan Mazan Jiyan Amurka a Layin Ɗaukaka Ƙara

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai leƙa Amurka, inda sojan da ya dawo daga fagen daga da rauni yake da haƙƙin karɓar diyya duk wata daga Ma'aikatar Kula da 'Yan Mazan Jiya. Ana auna nakasarsa daga sifili zuwa kashi 100 cikin 100, a biya shi gwargwadon abin da awon ya nuna. Idan an hana shi, ko yana ganin an tauye masa, doka ta ba shi damar ɗaukaka ƙara. To, a nan gizo ke saƙa. A tsohon tsari, ma'aikatar da bakinta ta ce ƙara takan ɗauki shekara 3 zuwa 7 kafin a yanke ta.

Mutum zai ɗauka ganda ce ta ma'aikata, ko kuwa rowar gwamnati. Amma wanda ya bi diddigin fayil guda zai tarar da wani abu dabam: galibin jinkirin daga dokokin da aka kafa don kare sojan ya samo asali. Tun shekarar 2000 doka ta wajabta wa ma'aikatar ta taya mai nema tattara hujjojinsa, ta nemo takardun asibiti, ta tura shi wurin likita a duba shi. Sannan tsohon tsarin bai taɓa rufe ƙofar shigo da sabuwar hujja ba. Ɗauki misalin tsohon soja mai ciwon baya. Ya shekara biyu yana jira, ciwon ya tsananta, ya je asibiti, ya aika da sabon sakamako. Da isar takardar, sai an sake duba fayil ɗin an rubuta masa sabon bayani. Kafin ya kai gaban alƙali a Washington, gwajin farko ya tsufa. Alƙali ya ce a mayar da fayil ofishin yanki a sake gwaji. A yi, a sake hana shi, ya sake komawa layi. Tufka da warwara ke nan, kuma kowa a cikinsu bin doka yake yi.

Akwai kuma batun hujjar kanta. Dole mai nema ya nuna cewa cutar da ke damunsa yau tana da alaƙa da aikin soja da ya yi shekaru da dama da suka wuce. A 1973 gobara ta tashi a cibiyar adana bayanan sojoji da ke birnin St. Louis, ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18. Tsofaffin da suka yi Yaƙin Duniya na Biyu da na Koriya da dama sun wayi gari ba su da takardar da za ta ba da shaida a kansu. Fayilolin da suka tsira ma takarda ce tsagwaronta. A 2012 masu bincike na ma'aikatar sun tarar da fayiloli jibge a saman kabad-kabad a ofishinta na birnin Winston-Salem, har suka yi gargaɗin nauyinsu na barazana ga ginin. A watan Maris na 2013, buƙatun da suka haura kwana 125 ba a amsa ba sun kai 611,000. Hankalin hukuma ya koma kan rage wannan tari, masu ɗaukaka ƙara kuwa aka bar su suna ta ƙirga watanni.

A 2017 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a dokar gyara, ta fara aiki a watan Fabrairun 2019. Yanzu hanya uku ce a gaban wanda bai gamsu ba: ya nemi wani babban jami'i ya sake duba fayil ɗin yadda yake, ko ya kawo sabuwar hujja a sake lissafi, ko ya wuce kai tsaye zuwa Hukumar Ɗaukaka Ƙara. Hanyoyi biyun farko an yi musu burin kwana 125. A gaban hukumar kuwa, wanda ya haƙura da ƙarin hujja da zaman sauraro an yi masa burin shekara guda, wanda ya nace sai ya ga alƙali ido da ido shi ya fi kowa daɗewa. Wato dai saurin yana da farashi, kuma sojan ne ke biya da wani ɓangare na damarsa ta yin bayani.

Ana cikin haka, a watan Agustan 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar PACT, wadda ta amince cewa cututtuka fiye da 20 na waɗanda suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraƙi da Afghanistan daga bakin aiki suka samo su. Doka ce ta adalci, ba shakka. Sai dai ta buɗe ƙofa ga ɗimbin masu nema, har ma'aikatar ta yanke hukunci kan buƙatu sama da miliyan 2.5 a shekarar kuɗi ta 2024. Hukumar ɗaukaka ƙara kuwa abin da take iya yankewa a shekara bai wuce dubu 100 da 'yan kai ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan: idan sojan ya yi nasara bayan shekara biyar, za a biya shi duk bashin da yake bi tun daga ranar da haƙƙinsa ya fara, amma ba a ƙara masa ko sisi saboda jinkirin. Kuɗin hayar da ya gagara, da bashin da ya ci don ya riƙe gida, wannan nasa ne. Gwamnati ba ta asarar komai idan ta makara. Doka ta yarda a tsallako da wanda ya kai shekara 75, ko mai tsananin ciwo ko matsin rayuwa, kuma tun 2008 idan mai ƙara ya rasu iyalinsa na iya gadon gurbinsa a layi. Duk sassauci ne, amma bai taɓa tushen ba. Muddin jami'in farko yana yanke hukunci cikin gaggawa bisa gwajin likita da bai cika ba, fayil ɗin zai dawo. Don haka idan ma'aikatar ta zo Majalisa da alƙaluman yawan hukuncin da ta yanke, ya kamata 'yan majalisar su tambaye ta nawa ne daga ciki alƙalai suka mayar mata don ta sake aiki.