Darasin Turanci: Ba Kowace "Tabbatarwa" Ce Confirm Ba

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. A jawo biro da takarda kusa, don darasin yau akwai rubutu.

Kalmar "tabbatar" a Hausa jakar magori ce. Ka tabbatar da labari, ka tabbatar wa mutum za ka zo, kotu ta tabbatar da hukunci, ka tabbatar ka kulle ƙofa. Duk kalma ɗaya. Shi kuwa Bature ya rarraba su, kowacce da muhallinta. A nan ɗalibi yake zamewa: da ya ji "tabbatar" a ransa, sai ya danna confirm.

To mu fara da ita confirm ɗin. Ba a amfani da ita sai da ma akwai magana a ƙasa, ana jiran shaida. Ka je wurin mai POS, ka ce ka tura dubu biyar. Ba zai ƙirgo maka kuɗi ba sai ya duba wayarsa, ya ga alat ya shigo, sannan ya gyaɗa kai. Wannan shi ne "He confirmed the payment." Ku lura, babu komai tsakanin aikatau da abin da aka tabbatar. Kada a cusa about a tsakani. In kuma jimla ce za ta biyo baya, sai a sa that: "The police confirmed that the road was closed." Haka idan Majalisar Dattawa ta gama tantance minista ta amince da shi, ita ma confirm ake cewa.

Wata 'yar magana kan furuci. Harafin f na Turanci ba irin namu ba ne. Mu da leɓɓa biyu muke yin sa, shi ya sa wani lokaci yake fitowa kamar p. A Turanci haƙoran sama ake ɗorawa a kan leɓen ƙasa, a hura iska. Kuma nauyin kalmar confirm a gaɓa ta biyu yake. In an koma shuɗaɗɗen lokaci, confirmed gaɓa biyu ce kawai, amma insisted da asserted uku-uku ne.

Sai tagwayen da ke rikita mutane, assure da ensure. Assure kwantar wa mutum hankali ne, saboda haka dole a ambaci wanda ake kwantar wa. "I assure you that the goods will arrive on Monday." In ka cire you, ka ce "I assure that", jimlar ta gurgunce. Dabara mai sauƙi: in a Hausa ka ji "maka", "mata" ko "musu", kamar "ina tabbatar maka", kuma niyyar ita ce cire masa fargaba, to assure kake nema. Ensure kuwa ba magana ba ce ma, aiki ne. "Ensure that the door is locked", wato je ka ka yi yadda za ka yi ƙofar ta kullu. Akwai ta uku, insure, wannan ta 'yan inshora ce, a bar musu kayansu.

Yanzu mu ɗan zauna a kan insist, don a nan aka fi faɗuwa. Ma'anarta dagewa, ko nacewa, ko kafewa, wato akwai mai ja da kai. Kun ci abinci da aboki, kowa ya sa hannu a aljihu, shi ya ce atafau shi zai biya. "He insisted on paying." A rubuta: insist, sai on, sai aikatau mai ing a ƙarshe. Ba a cewa "He insisted to pay." Dalilin kuskuren shi ne ɗalibi ya saba da want to da decide to, sai ya ɗauka duk kanwar ja ce. Mai shirin WAEC ko JAMB ya riƙe wannan da kyau.

In aka haɗa insist da that kuma, ma'ana biyu take bayarwa. Ku saurara. "She insisted that he was at home." Ta kafe cewa yana gida, labari take bayarwa. "She insisted that he stay at home." Ta dage sai ya zauna a gida, wannan umarni ne. Kun ji stay ba ta da s, duk da he ce a gabanta? Ba kuskure ba ne, haka ƙa'idar take, kuma Amurkawa sun fi yin haka. Mutanen Ingila sukan ƙara should, su ce "that he should stay". Duka biyun daidai ne.

Maintain 'yar uwar insist ce, sai dai ita da tsawon lokaci take tafiya. An tambayi mutum bara, an sake tambayarsa bana, yana nan kan bakansa: "He maintains his innocence." Assert kuwa faɗin magana ne da ƙarfin gwiwa, ko da hujja ko babu. Ta fi zama a rubutu, kuma da ita ake cewa "assert your rights", wato ka tsaya wa haƙƙinka.

Ga wadda nake so a yi hattara da ita: claim. Da'awa ce, kuma tana ɗauke da ƙanshin shakka. In ɗan jarida ya rubuta "He claimed that he paid", yana nufin shi dai haka ya ce, ban gani ba. To ka ga in kana rubuta wa banki ƙorafi ka ce "I claim that I paid", kai da kanka ka raunana maganarka. Rubuta "I can confirm that I paid", ka liƙa rasit. Allege ta fi claim nisanta kai, don zargi ne da ba a kai ga tabbatarwa ba, shi ya sa ta cika labaran kotu.

Tunda mun shiga kotu, ga misali da ya tara biyu. Ranar 1 ga Maris 2023 hukumar zaɓe ta INEC ta ayyana Bola Tinubu a matsayin wanda ya ci zaɓen shugaban ƙasa. Ayyanawar nan ita ce declare: "INEC declared him the winner", kuma ba a bukatar as a ciki. Ranar 26 ga Oktoba 2023 Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar, bayan ƙararrakin Atiku Abubakar da Peter Obi. A nan affirm ake cewa, domin kotun sama ce ta jaddada abin da kotun da ke ƙasa da ita ta yanke. Affirm tana da wani aiki kuma: mai shaidar da bai so ya rantse da Alƙur'ani ko Baibul ba, doka ta yarda ya yi alkawarin faɗin gaskiya da baki. Mai rantsuwa swear ya yi, shi kuwa affirm.

Mu gwada ɗaya tare. "Direba ya tabbatar wa fasinjoji cewa motar lafiyarta ƙalau, amma makanike bai tabbatar ba tukuna." Na ba ku daƙiƙa biyar. To, ta farko akwai "wa fasinjoji", hankalinsu ake kwantarwa: "The driver assured the passengers that the car was fine." Ta biyu kuwa sai an buɗe bonet an duba: "but the mechanic has not confirmed it yet." Kada a manta da it ɗin nan, don confirm ba ta son a bar ta hannu rabbana.