Mutum uku na samu, batir ya mutu kafin na huɗu

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, ina tashar jirgin ƙasa ta Edale ne ina jiran na Sheffield, yanzun nan na sauko daga dutsen Kinder Scout. Dubi takalmina, taɓo har idon sawu. Wallahi yau raina a ɓace yake, kuma gara in faɗa muku tun abin yana da zafi.

Wanda bai saba da tashar nan ba, ni ina cikin masu rediyon sha'awa, wato mu da muke da lasisin magana da duniya ta iska, ba layin waya ba intanet. Akwai wani tsari da aka fara a nan Birtaniya a 2002, ana ce masa SOTA. Za ka hau dutse da rediyonka da batir ɗinka a baya, ka kafa eriya, ka yi kira. Sai ka yi magana da mutum huɗu daban-daban kafin a ba ka makin dutsen. Huɗu kacal. Kinder Scout tsayinsa mita 636, na biyo ta matattakalar duwatsun nan da suke kira Jacob's Ladder, kusan awa biyu ina haki da jaka. Na samu wani Bajamushe, na samu wani a Sifen, na samu wata mata a Sikotilan. Na huɗun ya amsa ni, ya fara karanto lambar kiransa, na ji harafi biyu, sai fuskar rediyo ta yi ɗif. Na danna, na sake dannawa, na cire waya na mayar. Shiru.

Ga batir ɗin, bari in matso da shi. Kun ga abin da aka rubuta a jiki? Bolt 12.8, amfiya-awa 7, wato yawan wutar da yake riƙewa. Fam 38 na saye shi a intanet wurin wani mai shago da ba zan kira sunansa ba. To ga 'yar mitar da nake saƙalawa tsakanin batir da rediyo, ita ke ƙirga duk wutar da ta wuce. Karanta da kanka: 3.9. A nan ya tsaya. An rubuta bakwai, ko huɗu bai cika ba. Na san sanyi yana rage wa batir ƙarfi, kuma can sama yatsuna ma da ƙyar suke lanƙwasuwa, amma sanyi ba zai cinye kusan rabi ba. Wannan algus ne, irin na mai auna hatsi da mudun da aka bubbuge gindinsa. Kuma irin wannan batir na LiFePO4, wato wani nau'in lithium, ba ya gargaɗi. Yana nan daram wajen bolt 13 kamar ba abin da ya same shi, yana zuwa ƙarshe sai allon tsaron da ke cikinsa ya yanke wuta lokaci guda.

Amma akwai abin da ya fi algus ɗin ci mini rai, shi ne ma dalilin da ya sa na kunna kyamara. Yawancinmu in za mu sayi rediyo, wat nawa yake fitarwa muke tambaya. Ba mai tambayar nawa yake sha in ka yi shiru kana saurare. Nawa Yaesu FT-891 ne, mai wat 100, na hannu na saya fam 500, kuma ina son shi, kunnensa garau. Sai dai asalinsa na mota ne, inda injin ke ba shi wuta ba fashi. Ko uffan ban ce ba, mitata tana nuna wajen amfiya ɗaya yake ja. Yau kuwa na yi kusan awa biyu ina juya rediyo a zangon mita 20 ban yi kira ba. Lissafin a fili yake, rabin abin da batir ɗin ke da shi ya tafi a sauraro kawai.

Za ku ce me nake saurare har awa biyu a cikin wannan sanyi. Gida nake nema. Kowace ƙasa da harufan da lambar kiranta ke farawa da su, Najeriya 5N, Nijar 5U. Sau ɗaya na taɓa jin 5N, bara da rani, muryar tana zuwa tana ɓacewa, Turawa sun yi masa caa kowa na so ya samu. Na yi ta kira bai ji ni ba. Tun ranar duk dutsen da na hau sai na tsaya na laluba ko Allah zai sa.

Abin ya samo asali ne daga Baba, Allah ya jiƙansa. A Zariya yana da rediyo mai rigar fata, da asuba bayan an sauko daga masallaci zai zauna a zaure ya ja eriya ya kamo BBC Hausa a gajeren zango. Batir Tiger manya guda huɗu yake ci. In murya ta fara shaƙewa, ni ake aika in jera su a rana kan katanga, da yamma a mayar, su ƙara kwana biyu. Kuma in labarai suka ƙare, kashewa yake nan take, ba ya barin ko kiɗan rufewa. Yana cewa rediyo ba ya sanin ko kana jin sa ko ba ka ji, ci kawai yake. Yau a kan dutse maganar nan ta dawo mini tamkar yana gefena.

Akwai wani dattijo a kulob ɗinmu, ya haura saba'in, har yanzu yana hawa dutse. Nasa Elecraft KX2 ne, ɗan mitsitsi, bai kai rabin kilo ba, nawa kuwa kusan kilo biyu ban da batir. A sauraro wajen miliamfiya 150 yake sha, wato abin da nawa zai cinye a awa ɗaya shi sai ya yi awa shida. Kuɗinsa dai ya haura fam 1,000, ni kuma ga haya ga aike gida, sai a hankali. Shi ne ya fara nuna mini cewa daga wat 100 zuwa wat 5, abin da wancan mutumin zai gani a ma'aunin siginarsa bai wuce faɗuwar daraja biyu da ɗan ɗori ba. A kan dutse, da eriya mai kyau, za a ji ka. Ni kuwa yau a wat 60 nake ta kira, don lasisina ya ba ni har 100, na ci jarrabawar mataki na biyu bara a zama ɗaya, kuma ina jin daɗin hakan. To kowane danna makirufo amfiya goma da wani abu yake zuƙa. Da na sauke zuwa wat 10, da na huɗun nan ya gama karanto lambarsa.

Don Allah ɗan'uwa, in ka sayi batir, kada ka kai shi daji sai ka gwada shi a ɗaki. Cika shi, haɗa masa ƙwan mota da mita, ka zauna ka ga inda zai mutu. Masu 'yan oba-oba na hannu ma haka, rubutun da ke jikin batir ɗin kasuwa ba rantsuwa ba ce. Kuma kada ka sa lithium a caji yana da sanyin ƙanƙara, lalata shi za ka yi, bari ya ɗumama tukuna. In za ka tafi da shi gida a jirgin sama, a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin kaya ba, kuma kada ya wuce wat-awa 100 sai da izinin kamfanin jirgi. Bolt sau amfiya-awa, shi ne lissafin. Lasisin nan kuma ba ya aiki a gida, sai ka nemi izinin hukuma a can, kada ka ja wa kanka magana a filin jirgi.

Abin da ke damuna, mutumin nan na huɗu yana can yana zaton share shi na yi. Harafi biyun da na ji na Faransa ne, na rubuta su a littafina. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu, in ba a yi ruwa ba, zan dawo da batir biyu, in yi kirana tun da fari a wat 10, sai na cika huɗu sannan in juya neman 5N da abin da ya rage.

Ga jirgin can ya shigo kwana, bari in tattara. Ƙafafuna sun yi tsami, kuma la'asar na jirana a Sheffield.