Lacca: Maganin Barci da na Taɓin Hankali a Jikin Tsofaffi

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamai da ma'aikatan lafiya, barkanku da zuwa.

A Turai da Amurka, idan ƙarfin tsoho ya ƙare, sau da yawa gidan kula da tsofaffi ake kai shi. A can, da zarar gigin tsufa ya sa mutum ihu ko yawon dare, wani lokaci sai a ɗora shi kan maganin taɓin hankali irin su haloperidol ko risperidone, ya yi lamo, ma'aikata su huta. Rahoton da Farfesa Sube Banerjee ya miƙa wa gwamnatin Birtaniya a 2009 ya ƙiyasta cewa masu gigin tsufa 180,000 ke shan irin waɗannan magunguna, kusan 36,000 kaɗai suke amfana, kuma suna jawo mutuwar mutum kusan 1,800 duk shekara. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka kuwa tun 2005 ta yi gargaɗi a kan wannan haɗari.

Wani zai ce, ai mu nan Katsina ba ma kai iyayenmu irin wannan gida. Haka ne, alhamdulillahi. To amma ɗakin Hajiya da ke ƙuryar gida fa? Ta hana kowa runtsawa, sai a aiki yaro kemis ya sayo maganin barci Valium, ba likita, ba takarda.

Jama'a, hanta da ƙodar ɗan shekara 80 ba irin na saurayi ba ne. Valium kan yi kwanaki a jikin tsoho bai gama fita ba. Hajiya ta tashi alwalar asuba, jiri ya ɗebe ta, ƙashin ƙugu ya karye, daga nan sai kwanciya. Shi kuma amitriptyline, maganin ciwon damuwa mai sa barci, yana busar da baki, ya ɗaure ciki, ya riƙe wa dattijo fitsari, ya ƙara masa ruɗewa.

Ba cewa nake a daina magani ba, akwai wanda dole sai da shi. Amma tsohon da ya ruɗe dare ɗaya, a fara neman dalili: cutar fitsari ce, zazzaɓi ne, ƙishirwa ce a wannan zafi namu, ko wani ciwo ne da ya kasa faɗa?

Wanda ya daɗe yana sha kuma, kada a yanke masa farat ɗaya, yana iya jawo jijjiga. A tattara magungunansa duka a leda, har na gargajiya, a kai wa likita ya rage masa sannu a hankali.