Hirar Aboabo: Ɗan baide ya faɗo daga bene, wa zai biya?

Awudu: Salamu alaikum jama'ar Kumasi. Duk saƙonnin satin nan kan yaron nan ne, mai ɗaukar bulo da ya faɗo daga bene yana baide, wato aikin yini. Yaya Mariama, bismilla.

Mariama: Ni abin da ya ƙona min rai shi ne maganar maigidan, wai "ba ma'aikacina ba ne, baide yake yi." Subhanallahi! Wa ya sa shi hawa katakon? Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003, wadda ake kira Act 651, sashe na 118 ya ɗora wa duk mai ɗaukar aiki nauyin kare lafiyar wanda ya ɗauka. Hular kwano, takalmi, safar hannu, shi zai saya, ba a cire ko sidi ɗaya daga kuɗin yaro.

Fuseini: Amma ai ba takarda tsakaninsu, Yaya.

Mariama: Sashe na 74 ya ce ɗan aikin yini ba sai da takarda ba. Kuma duk maganin da kamfani ya tanadar wa sauran ma'aikata, shi ma yana da haƙƙi a kai. Kai, ko ruwan sama ne ya hana aiki, in dai ya zo, kuɗin ranar nasa ne.

Awudu: To Fuseini, kai da ka ce ka ga mai walda a Suame Magazine, unguwar makanikai, da gilashin 'yan gayu...

Fuseini: Wallahi na gani! Irin na ranar Sallah, mai bakin zinariya.

Awudu: Daga kasuwar Kejetia ya saya ko Alabar?

Fuseini: Alabar mana. Har yana gyara shi da ɗan yatsa kafin ya kunna wuta.

Awudu: Da silifas a ƙafa kuma?

Fuseini: Ɗaya ja, ɗaya shuɗi.

Mariama: Ku yi dariyarku, amma idon nan guda biyu ne kacal. Yaran namu talauci ke rufe musu baki. Sashe na 119 ya ba mutum damar janye jikinsa in ya ga haɗari na gabansa, ba a kore shi. To wa zai faɗa wa fomen haka, alhali gobe da asuba wasu goma na jira a bakin get? Kuma in an ji rauni, cikin kwana 7 maigida zai kai wa hukuma rahoto. Mu kuwa sai a ce ƙaddara ce, a kawo ɗan kuɗin koko, dattawa su ce a yi haƙuri. Ƙaddara gaskiya ce, amma diyyar yaro...

Awudu: Yaya, an kira la'asar. Maganar inda za a kai ƙara sai mako mai zuwa.

Mariama: Ku dai ɗauki hoton wurin da lambar shaidu tun ranar!